Me za mu kira tseren da ya wuce fanfalaki, kuma a kan tsauni?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina da labari a hannu kan UTMB, tseren da ake yi tun 2003 a ƙarshen watan Agusta ko farkon Satumba daga garin Shamoni na Faransa. Tsaunin Mon Bulan ake zagayawa ɗungurungum: a shiga Italiya, a ratsa Suwizalan, a dawo inda aka tashi. Nisan ya kai kilomita 170, hawan da ake yi kuwa in an tara shi kusan mita 10,000 ne. Turawa na ce wa irinsa ultramarathon. Na rubuta "gudun fanfalaki" sai na ga rigar ta yi masa kaɗan, don wannan sunan mun riga mun ba na kilomita 42. Ku kawo ɗauki.

Ɗan Zariya: Ai ga "gudun ya da ƙanin wani" nan, gidajen rediyo na faɗa kullum.

Tsohon malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ma na kilomita 42 ake ba shi, ka ga ba mu matsa ba. Bayan haka ma'anarsa ba ta zauna a tsauni ba. A dokar UTMB, in ka tarar da wani cikin haɗari dole ka taimake shi, in ka wuce a hukunta ka. Kowa na goye da jaka mai rigar ruwa, da fitilu biyu, da usur, da bargon gaggawa, saboda sanyin kan dutse cikin dare kashe mutum yake yi. Wurin da aka hana ka ya da kowa, yaya za ka sa masa wannan suna?

Ni kalmar "gudu" ma ina ɗari-ɗari da ita. Da yammacin Juma'a ake tashi. Gwanaye na gamawa cikin sa'a 20 ko ƙasa kaɗan. Jim Walmsley ya yi sa'a 19 da minti 37 a 2023. Sauran jama'a an ba su sa'a 46 da ɗoriya, wato dare biyu a hanya. Wa zai yi gudu dare biyu? In sun fuskanci hawa tafiya suke yi suna dogara sanduna, a shimfiɗe su yi sassarfa, sai a gangara ne ake sakin ƙafa. Ɗaruruwa ke janyewa duk shekara.

Mai fassara: Allah ya ƙara lafiya, Malam. To ko "tseren sassarfa"?

Tsohon malami: A'a. Mai karatu zai zaci motsa jikin safiyar Asabar ne. Sassarfa ka ajiye ta don cikin labarin, za ta yi maka aiki a can.

'Yar Maraɗi: Baba, tunda abin da ya raba su shi ne wuce kilomita 42, me zai hana "zarce-fanfalaki"? Ko a ce "fanfalakin tazarce".

Ɗan Zariya: Hajiya, rufa mana asiri! Tazarce tun 1998 ba ta wanku ba a wajenmu.

'Yar Maraɗi: Mu ma 2009 ta bar mana tabo, zamanin Tandja. Na janye ta biyun. Amma ta farkon fa?

Tsohon malami: Ma'anarta daidai take, 'yata, ba ta da aibu. Nauyin baki gare ta kawai. Gwada ki ce "ta lashe zarce-fanfalakin tsaunin Mon Bulan" cikin labaran ƙarfe bakwai, ki ji yadda harshe ke tuntuɓe. Kuma wanda bai taɓa ji ba zai tsaya yana tambaya, wa ya zarce wa? Ni da za a bi tawa, "dogon fanfalaki". Yaro ma ya ji ya san fanfalaki ne aka ƙara masa tsawo.

Ɗan Kamaru: Malam, a gafarce ni, akwai abin da za a duba. Mu nan a Buea ana tseren hawan Dutsen Kamaru tun 1973, a hau dutsen da ya haura mita 4,000 a sauko a yini ɗaya. Wahala kam ba a magana. Amma nisansa wajen kilomita 38 ne, bai ma cika fanfalaki ba. In aka ce duk na tsauni dogon fanfalaki ne, an yi ƙarya a kan namu.

Tsohon malami: Madalla, ka kawo ma'auni. Abu biyu ne a nan, kada a cakuɗa: nisa daban, irin ƙasar da ake takawa daban. Naku "tseren hawan dutse" ne, haka ma na Obudu a jihar Kuros Riba, da bai fi kilomita 11 da ɗoriya ba. "Dogon fanfalaki" kuwa nisa kaɗai yake faɗa, daga kilomita 50 zuwa 100 zuwa abin da ya fi. Sai ka liƙa masa ƙasar a baya.

Comrades na Afirka ta Kudu, da ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kilomita kusan 90 a kan titi: dogon fanfalakin kwalta. Wanda ake yi a Saharar Maroko tun 1986, kilomita wajen 250 cikin mako guda, kowa da guzurinsa a baya: dogon fanfalakin hamada. Naka kuma, Mai fassara, dogon fanfalakin tsauni.

Ɗan Zariya: To hanyar da suke bi fa? Na so in ce burtali.

'Yar Maraɗi: Burtali na shanu ne, Yaya. Turba dai. Siririyar hanya ce da ƙafa ta fitar, mutum ɗaya bayan ɗaya, ga tsakuwa ga saiwoyi.

Ɗan Kamaru: Ni har yanzu "dogon" ya yi mini laushi ga abin da ke sa mutum ganin gizo saboda rashin barci. Amma ba ni da wadda ta fi ta.

Mai fassara: Na ɗauka. Ga yadda jimlar ta fito: "A 2023 Courtney Dauwalter 'yar Amurka ta lashe manyan dogayen fanfalakin tsauni uku cikin bazara ɗaya, na ƙarshensu a turbar Mon Bulan." Saura wuraren da suke tsayawa su sha romo, su cika gora, a duba ko sun iso kan lokaci.

Tsohon malami: Zango. Fatake sun gama mana wannan tuni. Amma gyara "bazara": watan Yuni zuwa farkon Satumba ne, a wajenmu damina ke nan, a wajensu lokacin zafi. Rubuta "cikin wata uku", ka huta.