Launin fosta na dushewa idan an buga

Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min. Ina koyon zane da kwamfuta a kwaleji, an ba mu aikin fosta girman A3 da za mu miƙa a buge. A manhajar Photoshop shuɗin da na yi amfani da shi ƙyalli yake yi, amma a takarda sai ya dushe, har ya karkata zuwa shunayya. Na mayar da fayil ɗin daga RGB (tsarin launi na allon kwamfuta) zuwa CMYK (tsarin tawada huɗu na injin bugawa), a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), amma ba ta sauya zani ba. Ƙananan baƙaƙen rubutu ma sun yi inuwa a gefe, wai don tawada huɗu ce ta haɗu a kansu. Laifin furofayil ɗin launi (saitin da ke daidaita launin allo da na bugawa) ne ko na takardar? Kuma wane nau'in fayil ɗin PDF na bugawa zan fitar, PDF/X-1a ko PDF/X-4?