Kano zuwa Jidda da tsohuwa: kai tsaye ko ta Addis Ababa?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum. Zan kai Hajiyarmu Umra, ga ciwon gwiwa ga suga. Ejan ya ce in zaɓa, jirgin kai tsaye daga Kano ko wanda zai yada zango a Addis. Awa nawa kowanne?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, kai tsaye kamar awa biyar. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage na kauce wa samaniyarta, sai tafiyar ta ɗan ƙaru. Kada lokacin tikiti ya ruɗe ki, Saudiyya ta riga mu da awa biyu. In kun tashi sha biyun rana, agogon Jidda zai nuna bakwai na yamma.

Abu Ammar: Ta Addis ya fi sauƙin kuɗi, ki ɗauka kawai.

Ɗan Kwari: Malam, suga fa aka ce. Kano zuwa Addis kaɗai ya haura awa huɗu, sai zaman jira, sai kusan awa biyu da rabi zuwa Jidda. Kuma kusa da goman ƙarshen azumi, wannan sauƙin kuɗin ba ya nan.

Abu Ammar: Ku masu zuwa sarin kaya ne, ba Umra ba.

Ɗan Kwari: Sararin samaniya ɗaya ne, Alaramma.

Hajiya Babba: Ƴata, a sa ejan ya rubuta keken marasa lafiya a jikin tikitin, aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Insulin da maganin hawan jini su zauna a jakar hannu, in babbar jaka ta maƙale a zango an shiga uku. Ki sa ta yi niyyar harama kafin jirgi ya wuce miƙati, wato iyakar da ake ɗaura harama. In ta Madina za ku sauka, sai a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina.

Garba Fagge: Duk wannan lissafin awa ba shi ne matsalar ba, ejan ne! Zai rantse masauki na gaban Harami, sai tsofaffi su tarar da tudu da tafiyar minti arba'in, salloli biyar a rana. Ya ce akwai mota daga filin jirgi, a fito da asuba babu kowa, wayarsa a kashe. Allah ya isa.

Ɗan Lami: "Gaban Harami" ne mana, in da na'urar hangen nesa 😂

Abu Ammar: A karɓi sunan otal a rubuce, a duba a Google Maps kafin a biya ko kobo.

Garba Fagge: Sai ya sauya otal ɗin ranar tafiya. Zamzam ma fa? Lita biyar ɗin nan, wasu jiragen zango ba sa ɗauka.

Maman Sadiƙ: To kai tsayen dai kenan?

Hajiya Babba: Garba, wane jirgi ne ba ya ɗaukar Zamzam?