Ƙaramin zarton lantarki don samfurin gini

Ɗalibin Zanen Gini: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙananan samfuran gidaje a ma'aunin 1:50 (wato santimita 1 a samfuri daidai take da santimita 50 a ginin gaske), ina neman zarton lantarki mai fitar da siraran katako masu faɗi ɗaya. Wanne ya dace?

Tsohon Kafinta: Wa alaikumus salam. Ƙaramin zarton tebur mai suna Proxxon KS 230 zai wadatar da kai, matuƙar kaurin katakon bai wuce milimita 8 ba, domin faɗin faifan haƙoransa milimita 58 ne kacal.

Maman Hanifa: Ƙanena, idan katakon balsa ne, wato wani irin katako marar nauyi, wuƙa mai kaifi da rular ƙarfe sun fi, saboda laushinsa yakan sa zarto ya yayyage gefensa.

Tsohon Kafinta: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma ya riƙa tura guntayen da sanda, kada yatsunsa su kusanci faifan.