Wai Evil Dead fim ɗin talakawa ne?

Baban Ummi: Jama'a wlh yau raina a ɓace yake. Na samo fim ɗin tsoron nan na Amurka, Evil Dead na farko, na 1981, na tara yaran gidanmu na ce yau za su ga fim ɗin da ya hana mu fita fitsari da daddare muna yara. Wajen da yarinyar nan da aka kulle a ɗakin ƙasa take ɗago murfi da sarƙa a jikinsa tana leƙowa, ni har yanzu sai da tsikar jikina ta tashi, amma yaran nan sai dariya, ɗan yayata har da cewa wai fuskarta kamar an shafa mata ƙullun koko. Yaran yanzu ba su san fim ba. Na yarda fim ɗin talakawa ne amma ya fi duk wannan shirmen kwamfutar da suke kallo.

Ɗan Bolari: Dakata Baban Ummi, talakawa kamar yaya? Talakawa ne suka yi shi ko talakawa ne masu kallo? Don in na biyun ne to ka zage mu gaba ɗaya, mu da muka riƙa cika benci a gidan kallo.

Baban Ummi: Haba, nufina ba su da kuɗi sanda suka yi shi.

Injiniya: Ba su da kuɗi? Abin da suka kashe ya kai dala 350,000 ko sama da haka. Nuna min talakan da ke da wannan a Jekadafari in je in gaishe shi.

Na Herwagana: Injiniya kana auna kuɗin Amurka da mudun Gombe ne. Daraktan, Sam Raimi, shekararsa 20 lokacin, shi da abokinsa Bruce Campbell bin dangi da masu hali suka yi ta yi ana haɗa musu kuɗin, suka je wani tsohon gidan katako a dajin jihar Tennessee cikin sanyi suka ɗauka da ƙaramar kyamara. Wajen da kake ganin kamar aljani na tahowa a guje ta cikin bishiyoyi, kyamarar suka ɗaure a kan katako mutum biyu suka riƙe suna gudu. Jinin ma ruwan zaƙin masara ne da kalar abinci. In wannan ba aikin talaka ba ne to mene ne? Kuma Raimin nan shi ya zo ya yi Spider-Man a 2002.

Injiniya: Wannan dabara ce ba talauci ba. Talaka ba ya samun mai ba shi jari.

Maman Hanif: Ni kalmar ce ma ba ta min daɗi ba, sai ka ce talauci abin gori ne. Sannan Baban Ummi don Allah kai da girmanka ka zaunar da yara gaban wannan fim? Akwai wajen da ko babba sai ya kau da kai, a Ingila ma sai da hukuma ta yi ta rigima da kaset ɗinsa.

Baban Ummi: Na tura wajen gaba Hajiya.

Bauchi Ikon Allah: Ku bar cika baki, mu muka fara ganinsa a Wunti kafin kaset ya iso muku. Lokacin ma ai kuna ƙarƙashinmu, sai 1996 Abacha ya yanka muku jiha 😂

Ɗan Bolari: To ga shi nan, dama na san sai ka shigo da wannan. Wa ya sa da kai? Kuma da me za ka nuna ku kuka fara gani?

Bauchi Ikon Allah: Ni ne hujja, da idona na ga wajen da jarumin ya yanke hannunsa ya ɗaura zarto mai inji.

Na Herwagana: Wannan a na biyu ne malam, na 1987. Ashe na farkon ma ba ka gani ba kake mana gadara.

Bauchi Ikon Allah: Duk ɗaya ne, gida ɗaya aljani ɗaya.

Autan Mama: Ni na kalla a waya bara, gaskiya Yaya ban ji tsoro ba amma ban yi barci a kai ba, ƙarshen nan da gawarwakin ke narkewa kana gani ka san da hannu aka mulmula, dariya na yi ta yi. Ai dariyar ma nishaɗi ce.

Ɗan Bolari: Auta manya na magana.

Injiniya: Tunda ni ne admin bari in rufe, magariba ta kusa. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda cewa kalmar talakawa kuskure ce, wanda ya tara dala dubu ɗari uku da hamsin ba talaka ba ne, bayanin Na Herwagana ma ni ya ƙara wa ƙarfi in kun lura. Maganar ko fim ɗin na da daɗi kuwa ba sai an tsaya a kai ba, ni dama na Indiya nake kallo. Na Bauchi kuma an kama shi dumu-dumu, kuma duk wanda ya ƙara tayar da zancen 1996 a guruf ɗin nan cire shi zan yi.

Na Herwagana: Kusan kowa? Kai da Maman Hanif ne fa kawai, ita ma ba abin da take nufi ke nan ba.