Fitar da ƙananan yara wurin wasa a Abuja lokacin dogon hutu: ina neman shawara

Uwar yara uku, daga Kubwa:

Assalamu alaikum. An yi hutun ƙarshen shekarar karatu, kuma 'ya'yan yayata biyu sun zo mana hutu daga Jos, saboda haka yanzu yara biyar ne a gidana: babbar tana da shekara 9, sai mai 7, da mai 6, da mai 4, sannan na goye wanda bai cika shekara biyu ba. Tun ranar da suka hango babban lilon Magicland ta tagar mota a hanyarmu ta dawowa daga filin jirgin sama, ba su sake barina na huta ba, har maigidana ya yi musu alkawarin kai su kafin a koma makaranta. Abin da ke damuna shi ne ruwan Agusta, da kuma yadda zan kula da yara masu tazarar shekaru haka a cikin taron jama'a. Waɗanda suka taɓa zuwa da ƙanana, don Allah wace rana da wane lokaci ya fi dacewa?

Baban 'yan biyu, daga Gwarimpa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mun sha zuwa wurin tun yana amsa sunan Wonderland, kuma yana nan kusa da ƙofar shiga birni, daura da babban filin wasa na ƙasa. Shawarata ita ce ku guji Asabar da Lahadi idan aikin maigida zai bari, domin a ƙarshen mako yaro yakan shafe lokaci mai tsawo a layi kafin ya samu hawa abin da bai wuce 'yan mintuna ba, kuma ɗan shekara huɗu ba ya jure tsayuwa irin wannan. Ku buga waya tukuna ku ji ƙarfe nawa ake buɗewa, da kuɗin tikiti, da ko ana barin shiga da abinci, sannan ku bar Kubwa bayan cunkoson masu zuwa aiki ya lafa. A damina hadari ya fi haɗowa daga La'asar zuwa yamma, kuma da zarar an fara ruwa da iska akan tsayar da lilunan da ke fili, don haka ku fara da su, ku bar wasannin cikin ɗaki zuwa ƙarshe. Kada kuma ki je ke kaɗai da maigida. Ku ɗauki mutum na uku, saboda manyan za su ja zuwa majaujawa da motocin karo, ƙananan kuwa ba za a bari su hau ba.

Malamar firamare, daga Lugbe:

'Yar'uwa, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ni na fi damuwa da mai shekara huɗu da na goye. Shekaru biyu da suka wuce na kai jikokina wani wurin wasa ranar yawon Sallah, na ɗora ƙaramar a kan dokin da ke zagayawa saboda tana kuka sai ta bi yayyenta. Injin na tashi ta ƙanƙame wuyan dokin, idonta a rufe, tana kiran sunana duk lokacin da ta gifta ta gabana, ni kuma ba ni da ikon tsayar da shi. Da aka sauke ta jikinta rawa yake yi, kuma a cikin wannan ruɗanin ne yayanta ɗan shekara shida ya sulale ya bi mai sayar da balam-balam. Minti goma muka yi muna nemansa, kuma har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake yi. Tun daga ranar, ba na fita da yara sai na rubuta lambar wayata a takarda na sa wa kowa a aljihu, na sa musu tufafi masu launi ɗaya, na kuma nuna musu wurin da za su tsaya idan ba su gan ni ba.

Idan da ni ce ke, zan raba fitar gida biyu. Manyan uku su je wurin lilo da maigidanki, sannan wata rana a kai kowa da kowa Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disambar 2003. Fili ne mai faɗi, ga ciyawa ga inuwa, za ki shimfiɗa tabarma ki buɗe kular shinkafa da gorar zoɓo, ƙananan su yi ta guje-guje kina kallonsu. Ki dai hana su kusantar rafin da ya ratsa wurin, domin da damina yakan kawo ruwa.

Wani uba, daga Jos:

Hajiya Malama, ki gafarce ni, ban goyi bayan raba su ba. Yaran da suka zo hutu suna so ne su koma gida da labari ɗaya da 'yan'uwansu, kuma mai shekara huɗun ba zai manta cewa an tafi an bar shi ba. Akwai ƙananan liluna da aka yi domin irinsa, sai dai a bar shi ya tsaya ya kalli yadda abin ke juyawa sau ɗaya ko biyu, idan ya noƙe kada a tilasta masa. Yaranmu na nan Jos sun saba da gidan namun daji da aka kafa tun 1972, don haka lilon ne baƙon abu a wurinsu. Ku riƙe lema da rigunan sanyi da kayan canji a jaka.

Uwar yara uku, daga Kubwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa maigida duk amsoshinku a daren jiya, mun tsayar da ranar Laraba, kuma ƙanwata za ta raka mu ta riƙe na goye. Za mu tafi gaba ɗaya kamar yadda Baban Jos ya ce, mu fito kafin La'asar, Millennium Park kuma sai mako na gaba. Hajiya Malama, na riga na yanke takardu biyar na rubuta lambata a kai.