Me za mu kira "pressed glass" da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da ta tsaya mini a wuya. Na sayi wani ɗan kwanon gilashi a wurin 'yan gwanjo, mai nauyi, jikinsa duk zanen ganye. Da na kifa shi sai na ga ɗan tambarin kan dawisu a gindinsa. Tambarin kamfanin Sowerby ke nan, na garin Gateshead a Ingila. Irin wannan kwano Bature ke kira "pressed glass". Mu fa? "Gilashi" kawai bai isa ba, don kwalba ma gilashi ce, madubi ma haka.

Ga yadda ake yin sa, don sunan ya fito daga aikin. Ana ɗibo narkakken gilashi a jefa cikin mazubin ƙarfe wanda aka riga aka sassaƙa wa zane a ciki, sai a sauko da wani ƙarfen a danne shi har ya cika kowane lungu. A Amurka aka fara yi da inji. A 1825 John Bakewell na Pittsburgh ya yi rajistar dabarar don yin marikin durowa, kuma kamfanin Deming Jarves da ke garin Sandwich ya bazu da ita. Kafin nan gilashi mai ado sai gidan masu hali, domin da hannu ake gurza zanen ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da "gilashin matsi". Wata baiwar Allah ta ce in ta ji haka, talauci ne zai faɗo mata a rai. Ta yi gaskiya, har fiye da yadda ta zata. Akwai rukunin kwanuka masu araha, ruwan hoda da kore, da kamfanoni irin su Hocking da Federal da Hazel-Atlas suka yi ta fitarwa lokacin karyewar tattalin arzikin Amurka daga 1929, ana ma raba su kyauta a gidajen mai da silima. Waɗannan su suka cancanci "gilashin zamanin matsi". Kada mu haɗa su suna ɗaya.

Wani ya kawo "gilashin zubi", ya kafa hujja da masu zubin tukunyar dalma. Kalmar ta yi daɗin faɗa, na so in karɓa. Sai dai mai zubi zubawa yake ya bar ruwan ƙarfen ya kwanta da kansa, babu dannawa, alhali dannawar ita ce sana'ar gaba ɗaya.

Ni na tsaya a kan "gilashin bugu". Muna cewa an buga bulo, an buga kwabo, an buga hatimi. Duk abu guda ne: siffa tana jikin ƙarfe, a danna ta fito a jikin wani abu, a maimaita sau dubu. Na san wani zai ce gilashi da bugu ba sa shiri. To, bulon ma ai ba fasa shi ake yi ba.

Amfaninsa kuwa, ya ba mu 'yan uku: na bugu, na hurawa (wanda ake hura wa iska ya yi siffa), na sassaƙa (wanda ake gurza zanensa da hannu). Mai saye zai iya tambaya, "Wannan na bugu ne ko na sassaƙa?" Amsar tana a yatsa. Na sassaƙa bakin zanensa da kaifi, na bugu a dakushe yake, kuma za ka ji siririn layi a gefe inda ɓangarorin mazubin suka haɗu. Wannan na kira shi "layin haɗi".

Sauran ba su ba ni wahala ba. Alamar kamfani "tambari" ce: zaki na Davidson, harafin F cikin garkuwa na Federal, angar jirgin ruwa ta Anchor Hocking. In ka ga alama mai siffar daimon, rajistar zanen Ingila ce tsakanin 1842 da 1883. Daga 1884 sai lamba mai "Rd" a gaba. Da yawa ba su da tambari sam, sai dai a gane su ta zane, shi ma kamfanoni sun yi ta kwaikwayon juna.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke cewa "ber" (gilashi, daga Faransanci) wani lokaci, "bugu" ta zauna muku a kunne?