Bugun Fenareti a Gasar Kofin Duniya: Musayar Baitoci

Ɗan Fagge:
Sallama gare ku masana tamaula,
Ga tambaya, ku warware min da hujja:
Tsakanin ɗigo da layi mita 11,
Faɗin raga ya haura mita 7, ga ta a fili tana jira,
Me ke sa gwani ya zo nan ya gaza?

Mai Tsaron Gida:
Malam Ɗan Fagge, ba nisa ne ciwon ba,
Minti 120 ana gudu, cinya ta riga ta sha wuya.
In mai bugu ya kwanta baya, ƙirji ya dubi sama,
Ƙwallo sai ta tashi, ta bar ƙarfe a ƙasa.
A 1994 haka Baggio na Italiya ya ɗaga ta,
Brazil ta ɗau kofi a gaban Italiya.

Bazazzagiya:
Yaya, ka faɗi cuta, ni ga magani na:
Ƙafar dogaro a gefen ƙwallo za a dasa,
Yatsunta su nuna lungun da aka nufa,
A duƙar da ƙirji, a buga da cikin ƙafa.
A zaɓi kusurwa tun daga tsakiyar fili, kafin a tako gaba,
Mai sauya shawara yana cikin gudu, gola yake miƙa wa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya, kin taɓo mana tsohon miki a Ghana.
A 2010 Suárez na Uruguay ya tare ta da hannu a bakin raga,
Jan kati ya fito, fenareti ya samu, lokaci na ƙarewa,
Gyan namu ya ɗirka, ƙarfen sama ya ƙi amincewa.
Aka je bugun raba gardama,
Uruguay 4, mu 2, har yau zuciya ba ta huce ba.

Mai Tsaron Gida:
Sannu ɗan'uwa. Ku kuma dubi aikin gola:
Ƙafa ɗaya kan layi doka ta gindaya,
In ya baro shi da wuri ya tare, sai a maimaita.
Bono na Maroko a 2022 biyu ya kaɗe wa Sifaniya,
Ɗaya ta daki turke, ko guda ba su zura ba.

Bazazzagiya:
Hakimi, ɗan wasan Maroko, ya rufe da bugu mai laushi a tsakiya,
Ni dai ba na ba yaro wannan shawara:
In gola ya tsaya cak bai faɗi ba,
A ƙirjinsa za ta sauka, kamar an ba shi kyauta.